Takun Doro a Benen Yelwa

Sani, Rabi, Usman da ke Auta, kun taso kuna jin ana kirana Garba Mai Igiya a kasuwar katako, na kuma san Sani ya taɓa yin dambe a bayan makaranta a kan wannan suna. Kowa ya ba ku labarin yadda ya ga dama. Tun da ajin manya da nake zuwa ya kai ni inda zan iya jera magana a takarda, bari in ba ku shi da hannuna. Rubutuna ba ya sauri, amma ni ma ba mai sauri ba ne.

Na koyi kafinta a hannun Baba Audu, mutumin Zungur, gajere mai faɗin ƙirji, yana ɗingisa ƙafar hagu. Yakan cika bakinsa da ƙusa ya yi ta ba da umarni a haka, mu kuma mu gane. Shekaru masu yawa na bi shi muna rufin gidaje a cikin Bauchi da kewaye. Baba yana da wata al'ada da ya gada daga nasa maigidan, muna ce mata takun doro. Idan mutum ya isa riƙe aiki da kansa, Baba yakan bar masa rufi guda. Ranar da aka gama kafa katako, kafin a buga kwano, sai mutumin ya cire takalmi ya hau can ƙololuwa, kan dogon katakon da ya ratsa rufin daga wannan kai zuwa wancan, shi muke kira doro. Ya miƙe tsaye ya taka shi tun daga farko har ƙarshe, ba dafawa ba riƙo. Abin da ake nufi shi ne, in rufin da ka kafa ba zai ɗauke ka ba, kada ka sa iyalin wani a ƙarƙashinsa. In ka sauko, Baba ya miƙa maka guduma a gaban jama'a ya kira ka Oga. Daga ranar, mutanen da kuka yi aikin tare sun zama naka. In kuwa ba ka taka ba, ko ka fi kowa iya aiki, yaron Baba kake har furfura.

Ina son al'adar nan ƙwarai. Na tafa wa mutane da yawa a ranarsu, har da waɗanda suka zo bayana suka wuce ni, domin ni ina auna katako sau biyu kafin in sa zarto, Baba kuma ya fi son mai zafin hannu. Na jira. Furfura ta fara fito mini a gemu ina jira.

A shekarar da aka haifi Auta, ana cikin zafin bazara, Baba ya aika a kira ni. Na same shi a ƙofar gida yana shafa man zafi a gwiwa.

"Garba, akwai wata Madam Rifkatu, tana gina ɗakunan ɗalibai a Yelwa. Bene ne. Gwiwata ba za ta hau ba. Ka ɗebi Bitrus da sauran, rufin naka ne."

Na durƙusa ina godiya har maganar ta sarƙe mini. Daga gidan Baba zuwa namu tafiya ce ta keke napep, amma a ƙasa na zo, ban ma san na iso ba. Na sayo tsire a hanya. Mamanku ta ga ina dariya ni kaɗai a zaure, ta ce ko an ba ni kujerar Makka ne. Na ce kusan haka.

Washegari muka je ganin gini, ni da Bitrus. Kun san Bitrus, mutumin Bogoro, tare muka shiga hannun Baba. Ba shi da tsoron sama ko kaɗan, yana iya cin gyaɗa a bakin rufi yana kaɗa ƙafa. Shi bai taɓa neman zama oga ba, ya ce ciwon kai ne, kuma tun muna samari Garbati yake ce mini. Ginin dogo ne, hawa biyu, kuma Madam Rifkatu irin rufin zamanin nan take so, mai tsini sosai, wanda tsayinsa kaɗai ya kusa ɗaki guda. Na hau saman bango na leƙa ƙasa. Ta gabas rodi ne a tsaye cirko-cirko inda za a zuba ginshiƙan katanga. Ta yamma ramin masai ne da aka haƙa ba a rufe ba. Ko'ina fasassun bulo da katakon da aka ɓamɓare daga dekin, ƙusoshinsu suna kallon sama. Ga kuma wayar wuta ta bi ta gefen titi. Murnata ba ta ragu ba, amma wani tunani ya shigo ya zauna kusa da ita. Gidajen da aka fara takun doro a kansu, irin na Zungur, mutum in ya miƙa hannu yana taɓa bakin kwano. Wanda ya faɗo yakan faɗa kan rairayi ko tarin kara, ya tashi ana masa dariya. Baba kansa a irinsu ya faɗo har ya sami ɗingishi. Gine-gine sun yi ta tashi sama, mu kuma muna nan da ƙafa ba takalmi kamar dā.

Tun da aikin nawa ne, na fara da abin da nake da iko a kai. Na ce kafin a ɗaga katako ko ɗaya, a tattara tsofaffin katakon nan da ke ƙasa, a zare ƙusa ko a lanƙwashe ta, a jera su gefe. Na roƙi birkiloli suka rufe ramin da katako mai kauri, suka kifa tsofaffin bokitai a kan rodin. Muka ɗaura dandamalin gora a jikin bango, da sanda a gefe daidai ƙugu don mai aiki ya sami madafa. Na hana hawa da silifa. Na hana ajiye ƙusa a baki, na sa mamanku ta ɗinka wa kowa jakar ƙugu da tsohon wandon jins. Na ce duk katako mai tsawo ta bayan gini za a miƙa shi, nesa da waya, kuma in iskar hadari ta taso kowa ya sauko ko da guduma tana sama.

Mutanena suka yi ta tsiya, amma suna yi. Bitrus ya ɗaura jakarsa ya juya ƙugu kamar mai tallan goro.

"Garbati, saura ka sayo mana ɗankwali da janbaki."

"In ka haɗiye ƙusa, matarka ni za ta zo ta shaƙe."

"Wannan kuma gaskiya ne. Ta ma fi ƙusar tsini."

Aiki ya yi ta tafiya yadda ban taɓa gani ba. Ba wanda ya taka ƙusa, ba wanda ya ɓata wuni yana ɗaure ƙafa da tsumma. Kullum da safe in na hango katakon yana ƙara tashi a sama, fari tas cikin rana, sai in ji kamar in yi gudu in isa. Madam Rifkatu takan zo da lema ta tsaya tana kallo, ta ce, "Malam Garba, rufin nan ya fi wanda ke cikin kaina kyau." Sai dai kowace ƙusa da muka buga tana matso da ranar takun doro.

A gida ban ce komai ba. Nuhu ne ya tona ni, ƙanin mamanku, wanda ke hawa dogayen ƙarafan nan na wayar salula. Ya zo cin tuwo ran nan, Inna, mahaifiyata, tana zaune a tabarma tana gyaran zogale, sai ya ce,

"Yaya, an ce kai ma za ka yi rawar biri a saman bene?"

Mamanku ta ajiye ludayi. Ta sa ya yi mata bayani, ya kuwa yi har da ƙari, yana tafiya a tsakar gida da hannu a buɗe yana layi.

"Baban Sani, hawa nawa ne ginin?"

"Biyu ne kawai."

"Kawai. To in za ka tafi ranar, ka ɗauki Auta ka goya, ka riƙe Usman a hannu, ku taka tare. Don in ka faɗo duk tare za mu faɗo, gara mu san lokaci."

Inna ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ubanka ya hau giginya har ya tsufa, amma da igiya yake hawa, ba wanda ya ce masa rago."

"Inna, in ban taka ba, ba guduma. Mutanen nan za su koma wurin wani."

"To ka taka mana," in ji Nuhu, yana suɗe hannu. "Wa ya ce kada ka taka? Ni kullum ina inda ya ninka benenka, ga ni ina cinye maka miya."

Kwana biyu bayan haka ya zo Yelwa da wata jaka. A ciki akwai bel irin nasu, mai kama cinyoyi da kafaɗu, da ƙugiyar ƙarfe a baya, da igiya mai kauri. Na ce ai da igiyar rijiya zan ɗaura a ciki in huta. Ya ce in na faɗo da igiya a ciki, ita za ta raba ni biyu kafin ƙasa ta gan ni. Ya nuna mini yadda ake duba ɗinkin bel da bakin ƙugiya kafin a sa. Muka ja igiya ɗaya ta bi tsawon doro, muka ɗaure ta tam a kai da kai, yadda ƙugiya za ta riƙa bina ina tafiya. Nuhu ya ce bai yarda da katako kaɗai ba, ko na wane ne, sai da ya ƙara wata igiyar ta ko-ta-kwana a jikin ginshiƙin kankare, ya bar ta sako-sako. Sannan ya ce ba a gwada igiya da mutum. Muka ɗaure buhun siminti biyu a cikin bel ɗin, muka kori kowa daga ƙasa, muka ture su daga kan doro.

Igiya ta yi ƙara ta miƙe. Buhunan suka tsaya suna lilo a tsakanin katako. Na sa ido a kan doro da duk mahaɗar da na buga da hannuna. Ko motsi. Na ji wani daɗi ya taso mini tun daga tafin ƙafa.

Bitrus ya riƙe baki ya ce, "Shi ke nan, siminti ya riga ka. A ba shi guduma."

Kowa ya yi dariya, ni kuwa na tsaya ina kallon buhunan nan. Mai taka doro nauyinsa yana wucewa ne kawai, taku ɗaya ya bar wuri. Wannan kuwa nauyi ne da ya faɗo gaba ɗaya a wuri ɗaya, rufin ya riƙe. In dai ƙarfin rufi ake son gani, ga shi nan. A ranar na san abin da zan yi, amma ban gaya wa kowa ba sai Nuhu da Bitrus.

Ban so Baba ya gani a gaban mutane ba tare da ya ji daga bakina ba. Na je bayan la'asar na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, na faɗa masa zan taka, amma a ɗaure. Sai ya ce,

"In ka ɗaure, ba kai ka taka ba. Igiya ce ta taka."

"Baba, lokacinku gidajen ba su kai haka ba."

"Tsayi ɗaya ne a wurin mai zuciya. Ajali kuma ba ya duba igiya."

"Haka ne, Baba. Amma in na taka haka nan na tsira, gobe wanda ke bayana dole ya taka, a bene mai hawa uku. Ni zan tsaya a ƙasa ina tafa masa."

"Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"Zan zo. Abin da idona ya gani shi zan yi aiki da shi."

Ranar Asabar ce, da hantsi, iska ba ta tashi ba. Ban san yadda labari ya bazu ba. Ɗalibai sun fito daga gidajen haya na kusa, wasu da buroshi a baki. Masu keke sun faka a bakin titi. Madam Rifkatu ta zo da kular dafa-duka da jarkar zoɓo. Tsofaffin yaran Baba, waɗanda suka taka nasu doron a baya, sun zo sun jeru a bayan kujerarsa, gudumar tana kan cinyarsa a naɗe cikin ƙyalle. Mamanku ta ce ba za ta zo ba, amma ta sa Nuhu ya kira ta ya bar wayar a buɗe.

Da na fito da bel a jikina, sai aka fara. Wani ya ce ga ragon layya an ɗaure. Wani ya ce a kawo masa katifa. A nan ne wani daga cikin tsofaffin yaran Baba ya ɗaga murya ya ce, "Garba Mai Igiya," jama'a suka ɗauka. Na ji kunya, ba zan ɓoye muku ba. Amma ina sa ƙafa a tsani kunyar ta zauna a ƙasa ta bar ni.

Na hau, na maƙala ƙugiya, na ja ta na ji ta kama. Na yi bismilla na miƙe tsaye. Ban taɓa ganin Bauchi kamar ranar ba. Ga duwatsu can sun kewaye gari, ga rufin jami'a yana walƙiya, ga mangwarori kore shar, ga keke ƙanana kamar ƙwaro a titi. Da can in na hau sama ƙafata kawai nake kallo. Ranar na ɗaga kai. Na fara takawa, katakon yana da ɗumi, ƙugiya tana bina a baya tana ƙara ƙyar-ƙyar. Surutun ƙasa ya mutu. Na kai ƙarshe, na juyo, abin da ba a saba yi ba, na dawo har tsakiya.

A tsakiyar na tsaya na ce da ƙarfi, "Madam, kina son ki san ko rufinki zai riƙe?"

Ta ce, "Ina so, amma ka sauko tukuna."

Na zauna a kan doro, na zura ƙafafuna tsakanin katako, na sauke jikina a hankali, sannan na saki hannu biyu.

Mata suka yi salati, Madam ta kira sunan Yesu. Bel ya kama ni a cinya da kafaɗa, na tsaya a iska ina juyawa, hannuwana a buɗe, ba abin da ke riƙe da ni sai rufin da na kafa. Na ɗaga ido na dubi doro. Yana nan yadda na buga shi. Sai dariya ta kama ni, irin wadda ba ta tsayawa. Ɗalibai suka ɓarke da ihu da tafi, masu keke suka danna hon gaba ɗaya. Ina jin Nuhu yana faɗa wa waya, "Yaya Hajara, mijinki yana lilo kamar jemage, lafiyarsa ƙalau." Bitrus yana kan dandamalin da muka shirya a ƙarƙashina, domin Nuhu ya ce ba a barin mutum ya daɗe a rataye. Ya kamo ƙafata ya jawo ni, yana cewa in daina dariya kada in zubar masa da mutunci.

Na sauko, mutane suna ta bubbuga mini baya. Na ratsa su na je gaban Baba na durƙusa. Baba ya tashi da ƙyar, ya ɗaga kai ya bi rufin da kallo tun daga wannan kai har wancan. Ya daɗe. Sannan ya dube ni.

"Rufin ya yi, Garba."

Ya sa gudumar a hammata yadda take a naɗe, ya ce a tsayar masa da keke. Tsofaffin yaransa suka bi shi. Ko zoɓon ba su sha ba.

Wannan shi ne abin da na biya, kuma ina so ku sani bai yi mini sauƙi ba. Na ci gaba da zuwa gaishe shi kowace Juma'a har Allah ya karɓi abinsa. Yana amsawa da fara'a, yana tambayar ku ɗaya bayan ɗaya, ya sa mini albarka. Amma Garba yake ce mini har ƙarshe, gudumar kuma wani ya ba. Kada in ji ɗayanku ya faɗi mummunar magana a kansa. Duk abin da hannuna ya iya, shi ya koya masa.

Abin da ya rage shi ne mutanena. Ba guduma, ba wanda ya zama dole ya bi ni, ga kuma kwano yana jira a buga kafin ruwa ya sauka. Ran Litinin na riga kowa zuwa Yelwa. Na share dandamali, na duba ɗaurin gora, na duba bel, na jera jakunkunan ƙusa a kan bulo, na zauna. Rana ta fito. Birkiloli suka zo suka fara kwaɓa siminti, suna satar kallona. Mai shayi na bakin titi ya aiko mini da kofi ban tambaya ba, abin da ya ƙara sa na ji kamar mai zaman makoki. Can aka zo aka ce mini biyu daga cikin mutanena sun tafi wani aiki a Gwallameji, ba za su dawo ba. Na ce Allah ya ba da sa'a. Na ci gaba da kallon titi.

Sai ga keke ya tsaya, ya yi lodi har ya karkace. Bitrus ya fara fitowa, sauran suna biye da shi. A ƙafarsa akwai wasu tsofaffin takalman but da ban san inda ya samo su ba, sun yi masa yawa, yana tafiya kamar agwagwa. Ya wuce ni bai ko yi sallama ba, ya ɗauki jakar ƙusarsa ya ɗaura, ya ɗaga bel ɗin Nuhu yana juya shi yana neman gaba da baya.

"Abin nan guda ɗaya ne, mu kuma ga mu da yawa. Jiya a coci na yi wa wani mai aikin wuta magana, zai nemo mana wasu." Ya miƙo mini bel ɗin. "To zo ka nuna mini inda ake sa ƙafa. Rana tana yi, Oga."